Sai Ta Faɗi Sunansa

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Na dawo daga aiki, matata Lubabatu ta aje min tuwo, na ce ta rufe shi. Wannan littafin na saye shi ne don in riƙa rubuta ranakun aiki da na hutu, amma yau ba wannan zan rubuta ba.

Shekara talatin da uku ina gandiroba. Sha ɗaya daga ciki a bakin ƙofar ƙaramin gidan yarin nan na yi su, ni ke riƙe da littafin ziyara. Aikin ba shi da wuya. Ka tambayi mutum wa ya zo gani, ka rubuta, ka caccaka abincin da ya kawo, ka sa ya ɗanɗana a gabanka, ka buɗe mishi. Lahadi ta fi cika saboda kasuwar Illela, ranar ce mutanen ƙauye ke samun mota.

Yau wata tsohuwar Bafillatana ta zo da ƙwaryar fura a ka. Tun kafin ta iso teburina na san uwar wa ce. Goshin da hancin na Jabiru ne sak, na ɗaki na uku, ɗan jiran shari'a, cikin mutum huɗun da anka kawo wata huɗu da sunka wuce kan rikicin da anka yi a fadamar Garu.

Na ce wa ta zo gani. Ta ce wanda anka kawo daga Garu. Na ce su huɗu ne. Ta ce dogon. Na ce ba a rubuta dogo a littafin gwamnati, suna nake so. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan fari ne."

Na san abin da take nufi, wa bai sani ba a ƙasar nan? Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, balle Bafillatana mai filako. Marigayi Sajan Attahiru, wanda ya koya min aiki, tun ina sabon shiga ya nuna min yadda ake yi. Ba ka matsa mata. Kai za ka karanto sunayen da ke allo ɗaya bayan ɗaya, in ka zo kan nata za ta kau da fuska gefe, shi ke nan sai ka rubuta. Haka muke yi tun fil'azal. To amma watan jiya abokin aikinmu Mukhtari ya yi wa wata mata haka, ashe ba matar kowa ba ce, anka samu abin da anka samu cikin burodinta. Mukhtari yana gida yanzu, an karɓe kakinsa. Oga ya liƙa takarda a bango: mai ziyara shi zai faɗi cikakken suna da bakinsa, ma'aikaci ba zai taya shi ba. Kuma yau Oga yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa.

Sau uku na tambaye ta. Na ukun da tsawa. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tsallaka hanya ta zauna gindin itacen bedi.

Doka ce. Ba ni na rubuta ta ba.

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Duk Litinin in na je ƙirgar safe a ɗaki na uku, Jabiru sai ya matso bakin ƙarfe ya ce, "Baba Lawwali, jiya ba wanda ya zo?" Wata huɗu ina ce mishi babu, kuma gaskiya nake faɗi.

Yau ma na ce babu.

Ya ce to Inna ta yi fushi ke nan, kuma tana da gaskiya. Ya koma ya zauna kan tabarmarsa. Ni kuma na rubuta sha tara na wuce ɗaki na huɗu.

Talata, 8 ga Yuli, azahar

Ba abin da ya faru. An kawo sabbi biyu.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan la'asar

Lubabatu ta tsare ni. Ta ce kwana uku tana dafa wa kaji tuwo, in ciwo ne in faɗa, in kuma wurin aiki ne in faɗa. Na ba ta labari a taƙaice, na ƙara da cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, saura min shekara biyu in aje kaki da mutunci.

Tana tankaɗe ne, ta aje rariyar. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Kai Lawwali? Kai da Hajiya ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunanka ba?"

Na ce wannan daban. Ta ce mi ya bambanta su? Na ce ita ba ta san aikin gwamnati ba, ta tsaya kan rariyarta. Na yi faɗa sosai, har da maganar da ba ta shafi zancen ba. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Gaskiya ne dai. Hajiya, mahaifiyata, "wancan" take ce min, don ni ne ɗanta na fari. Ko ranar da na ci jarabawar shiga aiki, ƙanena ta ce wa ya gaya wa wancan ta ji daɗi, alhali ina zaune gabanta. Ina yaro na ɗauka ba ta so na ne, sai da na girma na gane. Ranar da ta rasu ni ta riƙe wa hannu, ba su ba.

Ban gaya wa Lubabatu maganar Litinin ba.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan saukowa masallaci

Shugaban ɗaki na uku ya kawo ƙara, wai Jabiru tun Litinin yake raba wa mutane gabzarsa, abincin da ake ba su. Gabza dai ba abin marmari ba ce, ni shaida ne, amma ita ke riƙe rai. Ga shi dama da rauni anka kawo shi, a haƙarƙarin hagu, bai taɓa warkewa sosai ba. Malamin asibitinmu ya duba ya ce wurin ya sake ruruwa, akwai zazzaɓi, kuma magani ba ya aiki a cikin da ba abinci.

Na je na tsaya kansa na ce ya ci, in ba haka ba in rubuta shi. Ka ji min wauta. In rubuta shi a yi mishi mi? Ya ce, "To, Baba." Ya ɗauki loma ɗaya ya riƙe a hannu har na fita.

Jibi Lahadi. Za ta dawo. In ta zo zan karanta mata allo, ko Oga na tsaye a kaina, in ya so a karɓe kakin. In sun ga juna, ƙaryata ta mutu da kanta, ba sai na ce komi ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, gab da magariba

An kwana ana ruwa. Mutum goma sha huɗu sunka zo ziyara. Duk wadda na hango da ƙwarya sai in miƙa wuya in duba. Na ƙara rabin awa bayan lokacin rufewa, na ce agogona ne ke baya.

Ba ta zo ba.

Litinin, 14 ga Yuli, da safe

Na je ɗaki na uku da amsata a baki. Bai tambaya ba. Bai ma juyo ba.

Talata, 15 ga Yuli, azahar

Akwai abin da ban rubuta ba ranar farko, kuma tunda ba mai karanta littafin nan sai ni, ban san wa nake ɓoye wa ba.

Oga bai yi minti goma a bayana ba. Tana tsallaka hanya ya shiga motarsa ya tafi, bai dawo ba sai Litinin. Ita kuwa awa biyu da wani abu ta yi gindin bedin nan. Ina ganinta, tana ganina. Ta sauke ƙwaryar, ta gyara faifan, ta kore ƙuda, ta sake gyarawa. Ɗaga hannu kawai zan yi ta taso. Sau biyu na ɗaga, sai in sosa kai.

Tsoro ne da farko, kar wani ya kai gulma. Daga baya ba tsoro ba ne. Na riga na yi mata tsawa gaban mutane, sai na ji in na kira ta kamar na ci baya. Ni, da furfurata, ina jan girman kai da tsohuwar da ta taso tun asuba. Har cewa nake a raina ai sai ta sake zuwa ta roƙa. Ba ta roƙa ba, su ba su roƙo.

Da anka kira la'asar ta yi salla a wurin, ta ɗora ƙwaryarta ta tafi. Allah na tuba.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan la'asar

Yau ranar hutuna ce. Na duba takardun Jabiru, an rubuta ruga bayan Lafani. Na hau kabu-kabu tun da hantsi, inda hanya ta gagara na cire takalmi na taka laka.

Na samu wurin. Ba kowa. Duwatsun murhu, turaku, kashin shanu da ruwa ya daka, shi ke nan. Wani manomi da ke noman gero kusa ya ce mazan tun lokacin rikicin nan sunka tsallaka iyaka, matan ne sunka rage da 'yan shanu, su ma kwana shida ke nan da tashinsu tunda shuka ta fito. Ya nuna arewa da fartanyarsa, ya ce wajen Ƙwanni, ko gaba. Ya dubi wandona, na kaki ne na manta na saka, ya ce in ma kama su na zo yi na makara.

Na biyo ta kasuwa wurin masu tallar nono. Sunka tambaye ni sunanta, sai a nan na tuna ban tambaye ta ba. Mutumin da ya hana ta shiga kan suna, bai san nata ba. Na kwatanta ta, wata dattijuwa a cikinsu ta ce ta gane, za ta ba masu zuwa Ƙwanni saƙo, amma ba ta yi alkawarin yaushe zai isa ba. Na ce a gaya mata ta zo, gandiroban nan ya ce za a buɗe mata.

Lubabatu ta wanke wandon ba ta tambaye ni inda na je ba.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya

An tafi da Jabiru asibiti Sakkwato. Mutum biyu sunka riƙe shi zuwa mota. Da ya zo wucewa ta teburina na buɗe baki, sai direba ya ce a yi sauri.

Na roƙi a sa ni cikin masu gadinsa daga Litinin. Oga ya yi mamaki, don ba mai son gadin asibiti.

Lahadi, 20 ga Yuli, la'asar

Mutum tara. Ba ita.

Talata, 22 ga Yuli, azahar, a barandar asibiti

Dokar gadin asibiti ita ce ankwa ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙarfen gado, mabuɗi a aljihunka, idonka a kansa. Ƙafar tasa ta rame har sai da na matse ankwar zuwa haƙorin ƙarshe. Mutumin da ko zama ba ya iyawa sai an tayar da shi. Na naɗa mishi tsumma ƙarƙashinta don kar ta ci fata, iyakar abin da doka ta bar min ke nan.

Jiya yini na yi ina shirya magana, ban iya ba. Yau da hantsi ya farka, idonsa ya washe, ya nemi ruwa. Na ba shi. Na ce Jabiru, na yi maka ƙarya. Innarka ta zo, ranar shida ga wata, da fura, ni na hana ta shiga. Na faɗi duka, har da bedin, har da awa biyun.

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce Allah ya saka min, ya san don ya ci abinci nake faɗin haka, malaman asibiti ma jiya sun ce mishi gobe za a sallame shi. Na rantse mishi. Ya ce kar in yi rantsuwa saboda shi. Na kwatanta zanenta, ya ce duk matan ruga irinsa suke ɗaurawa. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin nan ba. Na yi ƙarya an yarda, na zo da gaskiya an ƙi karɓa.

Can ya ce, to mi ya sa na hana ta. Na ce sabuwar doka ce, sai mai ziyara ya faɗi suna.

Ya juyo da kansa gaba ɗaya. "Ta faɗa?"

Na ce a'a. Sau uku na tambaye ta, har da tsawa, ba ta faɗa ba.

Ya daɗe yana kallon silin. Sai hawaye sunka gangaro ta gefen kunnensa, yana dariya ƙasa-ƙasa, dariyar na ja mishi ciwon.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi Inna ce."

Ya tambaye ni ko ta rame, na ce a'a. Ko da takalmi ta zo, na ce da takalmi. Ya ce furarta ba irin ta kasuwa ba ce, da na ɗanɗana da na sani. Na ce ya yafe min. Ya ce ai ni na kawo mishi labarin, mi zai riƙe ni da shi. Ba wannan na tambaya ba, amma ban matsa ba.

Ya sha koko rabin kofi. Rabin kofi! Na fito baranda ina ta murna kamar an yi min haihuwa.

Laraba, 23 ga Yuli, da safe

Ya sha koko kuma. Ya ce in Inna ta dawo in ce mata ya ji. Likita ya duba shi, ya dube ni ya girgiza kai.

Alhamis, 24 ga Yuli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin azahar. Ni na cire ankwar.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan la'asar

An jira dangi kwana biyu, ba wanda ya zo, ba kuma inda za a aika. Yau anka ba da izini. Mu huɗu ma'aikata, da limamin asibiti, da wasu bayin Allah da sunka zo jinyar nasu sunka taya mu sahu. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Ba nauyi.

Da munka dawo na kai wa Oga rahoto. Ban san mi ya shiga kaina ba, na ba shi labarin tsohuwar tun daga farko. Shi ba mutumin ƙasar nan ba ne. Ya saurara har na gama, ya cire tabarau, ya ce shi bai taɓa jin wannan al'ada ba, ya ɗauka taurin kai ne take yi. Ya ce, "Lawwali, ai da ka yi min bayani a wurin."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 27 ga Yuli, la'asar

Ba ta zo ba. Na gode wa Allah, sannan na ji kunyar godiyar.

Laraba, 30 ga Yuli, da hantsi

Na je kasuwa wurin dattijuwar nan mai nono don in ba da saƙo na biyu. Tana ganina ta washe baki, ta ce albishirinka, saƙonka ya isa, an ce tsohuwar ta ji. Na tsaya. Na ce madalla. Na sayi nonon da ba na buƙata na dawo.

Lubabatu ta ce irin wannan labari dama ba a aika shi a bakin 'yan talla, wanda ya ga rasuwar shi ke faɗa. Ta ce in ci abinci. Na ci, don ta daina kallona.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan masallaci

An sa wani a tabarmarsa. Ɗaki na uku sha tara ne har yanzu.

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan la'asar

Tun ƙarfe tara na hango ta. Daga tashar motocin Ƙwanni ta fito, ƙwarya a ka, tana tafiya da sauri ba irin ta rannan ba. Akwai mutum shida gabanta a layi. Na sallame su ban san abin da na rubuta ba. Duk kalmomin da na yi mako ina jerawa sunka watse.

Ta iso. Ta sauke ƙwaryar kan teburina da kanta, ta buɗe faifan, ta ɗebi furar da ludayi ta sha a gabana tun ban ce ba. Wani ya koya mata dokokin duka. Na miƙe tsaye, na ce Inna, dakata. Ba ta dakata ba. Ta runtse ido, ta damƙe bakin teburin da hannu biyu, kamar mai shirin a cire mata ƙaya.

"Jabiru," ta ce. "Jabiru Abdulmutallib."

Da ƙarfi ta faɗa, har na bayanta sunka ji. Ba ta ci harafi ko ɗaya ba, ka san tun daga hanya take maimaita shi a zuci. Shekara talatin da haihuwarsa, sai yau ta kama sunan. Ta buɗe ido, ta ja lulluɓi ta rufe rabin fuskarta don kunya.

"Na faɗa, ɗan nan. Buɗe min."

Na buɗe. Ba a gaya wa tsohuwa irin wannan magana tana tsaye cikin rana gaban mutane, akwai benci a ɗakinmu na ciki. Na ɗaukar mata ƙwaryar, na wuce gaba. Ta biyo ni tana gyara zane, tana tambayata ko ya rame.